Jituwa Ta Faɗi

Lasifika mutum ne da ba ya yin abu rabi-rabi, in ban da tunani. A gidan rediyon garinmu yake aiki, shi ke gabatar da shirin safe, kuma abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, don ko an kashe makirufo ana jin muryarsa daga bakin titi. Da ƙasarmu da maƙwabtanta biyu suka ce za su haɗa kuɗi su haɗa majalisa, sai ya ɗauki maganar ya ɗora a ka kamar gadon ubansa. Kullum safiya yana cikin ɗan ɗakin nan da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai, fanka a kashe don kada ƙararta ta ɓata shiri, gumi na bin wuyansa, yana gaya mana yadda za mu riƙa tsallaka iyaka hannu a aljihu ba mai tambayarmu takarda. Mu kuma muka yi ta tafi. Gara a faɗa tun yanzu kada a ga kamar shi kaɗai ya sha wannan ruwan. Duk garin mun sha, shi dai kofinsa ya fi namu girma.

Jituwa aka sa wa sabon kuɗin suna. Ranar da aka fito da shi matar Lasifika tana asibiti tana naƙuda, shi kuwa yana gaban makirufo yana kawo mana bikin kai tsaye. Ana cikin haka injiniya ya ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninsu, ya nuna waya, ya yi alamar rungumar jariri, sannan ya taɓa kunnuwansa alamar 'yan kunne. Da wani ne, sai ya sa kiɗa ya ruga asibiti. Lasifika gyara zama ya yi.

"Masu sauraro," ya ce, "yau Jituwa biyu aka haifa a ƙasar nan. Ɗaya tana banki, ɗaya tana asibiti, kuma ta asibitin tawa ce."

Matarsa ta ji shi a rediyon wata nas. Da ya iso da yamma da lemo a leda, ba ta ko kalli ledar ba.

"Ban gama ganin fuskarta ba ka riga ka raba ta ga gari," ta ce.

An sa wa yarinyar suna na gaskiya, mai daɗi, wanda uwar ta zaɓa tun cikin yana ƙarami. Bai yi tasiri ba. Ya zama kamar kwanon da ake ajiye wa baƙi, yana nan, ba a dai cin abinci a ciki. Gari ya ce Jituwa, maƙwabta suka ce Jituwa, uwar ma da ta gaji da gyara wa mutane ta bi sahu, ta zama Maman Jituwa. A farkon lamarin abin gwanin daɗi. Duk inda aka shiga da jaririyar sai a ce, "Jituwa ta shigo gidanmu, mun yi arziki." Lasifika kuwa tafiyarsa ma ta canza, sai ka ce shi ya buga kuɗin da hannunsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kiranta da sunan ba: Yaya, wan Lasifika. Yaya ɗan canji ne. Yana da benci a barandar wani kantin magani kusa da tashar motocin iyaka, kuma a kan bencin nan ya samu abin da ya sa ƙanensa a makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Ba wai ya fi kowa hangen nesa ba ne. Shi ma da za a haɗa komai a bar masa bencinsa, da shi zai fara rawa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne wata safiya da ƙanen nasa, garin zuba, ya ce a rediyo, "'Yan canji su ɗauke bencinsu, zamanin shan jinin matafiya ya wuce." Yaya yana zaune a kan bencin ya ji. Bai ɗauke shi ba, ya dai zuba cajar waya da murfin waya a kai ya ci gaba da zama. Tun daga ranar abin da ke tsakaninsu bai wuce "ina kwana" da "lafiya" ba, ita ma in an yi kiciɓis. Yarinyar kuwa yana sonta, kuma da sunanta na gaskiya yake kiranta, rabi don so, rabi don ya ƙona wa ubanta rai.

Kafin ta shiga firamare abubuwa sun fara juyewa. Babban bankin ƙasashen uku a babban birnin babbar maƙwabciyarmu aka kafa shi, majalisar ma can. Da kaya suka fara tsada a can, bankin ya ɗaga kuɗin ruwa ga kowa da kowa. Mu a nan ba tsada ke damunmu ba, rashin ciniki ne, amma ba wanda ya tambaye mu. Maƙwabci ke zazzaɓi, mu aka ɗure wa magani.

Masana'antar sabulun da Maman Jituwa ke aikin naɗe sabulu a cikinta ita ta fara durƙushewa. Ranar da aka sallame su ta dawo da sabulu guda biyu a jaka, kyautar ban kwana, ta ajiye su a kan tebur a gabansa.

"Da can in kuɗinmu ya yi rauni, mutanen ƙetare ke cika garin nan suna ɗibar sabulunmu don ya yi musu araha," ta ce. "Yanzu kuɗinsu kuɗinmu, motocinsu na shigowa ba mai tsayar da su, nasu ya fi namu arha. Mai masana'anta ya je neman rance ya gyara injin, ya dawo yana share zufa. To Baban Jituwa, wane shirin za ka yi mana a kan wannan?"

"Ciwon haihuwa ne," ya ce. "Duk sabon abu sai ya..."

"Kai ka san ciwon haihuwa? Kana rediyo."

Ya ɗauki sabulu ɗaya ya shinshina, wai don ya nuna ya damu.

Daga baya ƙaramar maƙwabciyar ta ciwo bashin da ya fi ƙarfinta, darajar Jituwa ta zube, aka ƙara mana haraji don a tallafe ta. Kwalbatin layin su Lasifika ya rufta, suka kai kuka ofishin ƙaramar hukuma, aka ce gyaran hanya yanzu sai majalisar haɗaka ta zauna, su kuma suna can suna gardamar yaren da za a fara gaisuwa da shi. In wani ya ce a koma tsohon kuɗi, sai a tuna masa an ƙone shi. Lasifika ya fi kowa sani, don shi ya kawo mana ƙonawar kai tsaye, har ya matso da makirufo kusa da wutar mu ji ƙararta.

Gidan rediyon ma bai tsira ba. Aka haɗe shi da na can, yini guda shirye-shiryen babban birnin maƙwabciya yake maimaitawa. Lasifika aka bar masa ɗan taƙaitaccen lokaci da safe na sanarwar cigiya da rasuwa. Da lokacin ya cika, na'ura ke yanke shi da kanta, ko yana tsakiyar kalma, labaran can su shigo. Manaja ya kuma ja masa kunne: an hana faɗin duk abin da zai girgiza amanar jama'a ga Jituwa. A zuciyarsa ya daɗe da sanin an yi kitso da ƙwarƙwata, amma bakinsa bai samu labari ba. In an tare shi a wurin mai shayi sai ya ce a ƙara haƙuri, yana faɗa yana jin kunyar kansa.

Duk wannan manya ne ke sha, kuma manya sun iya haɗiye abu. Wadda ba ta iya ba ita ce yarinyar. In kuɗin ya tashi a zage shi, in ya faɗi a zage shi, kuma da sunanta ake zagin. Tana riƙe da hannun uwarta a kasuwa za ta ji mai tumatir na cewa, "Allah ya isa tsakaninmu da Jituwa." A motar haya ta ji an ce Jituwa ta kashe aure, Jituwa ta zama takardar banza, wa zai raba mu da Jituwa. A gida in iyayen sun yi faɗa a kan cefane, uwar takan ce rashin Jituwa ne ya kawo rashin jituwa, uban ya yi dariya don maganar ta yi ma'ana. Ba su lura da wadda ke zaune a ƙofar ɗaki tana jin su ba.

Wata rana a filin makaranta ta yi tuntuɓe ta kife, gwiwarta ta fashe. Wata yarinya ta ce, "Jituwa ta faɗi," sai filin ya ɗauka gaba ɗaya, suna tafi suna rerawa. Malamar da ta zo ɗaga ta ita ma sai da ta juya baya ta gama dariyarta.

Da yamma Lasifika ya dawo ya zauna cire takalmi.

"Jituwa, kawo min ruwa."

Tana zaune a kan tabarma da filasta a gwiwa, tana feƙe fensir.

"Jituwa, ba kya ji ne?"

Ta dubi uwarta. "Mama, ki gaya masa ba ta nan."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Kwana ya bi kwana ba ta amsa ba. Tana gaishe shi, tana kawo abin da uwar ta aike ta da shi, amma in ya kira sunan sai ta zama bango. Abin ya dame shi fiye da rufewar masana'anta, fiye da yanke masa shiri. Mutumin da gari guda ya saba amsa masa, 'yarsa ta daina. Ya gwada "'yar Baba", ya gwada "ke yarinya". Sunan gaskiyar yana nan a bakinsa, amma fitar da shi daidai yake da cewa Yaya ya yi gaskiya, shi kuma bai shirya ba. Ya zaunar da ita ya yi mata bayanin cewa kuɗi yana faɗuwa yana tashi, masana sun ce baɗi zai farfaɗo.

"Ni ba kuɗi ba ce," ta ce.

"To a gida sai mu riƙa..."

"Ba a gida ake yi min dariya ba."

Ranar da aka tashi makaranta ba ta dawo ba, uwar ta kira shi a waya murya a sama. Ya bi hanyar makaranta yana tambaya, kuma ka san irin amsar da mai tambayar "ko kun ga Jituwa" zai samu a garin nan. Wani mai faci ya ce, "Mu ma ita muke nema tun safe." Daga ƙarshe mai kantin magani ya kira shi ya ce ya zo tasha.

Tana zaune a kan bencin Yaya tsakanin cajoji, jakar makaranta a cinya, biskit a hannu. Ba ta ga isowarsa ba. Ya tsaya a bayan ginshiƙin barandar yana maida numfashi.

"Baffa, an ce da can in mutum yana da kuɗin da ba a karɓa, kai yake kawo wa ka canza masa."

"Haka ne," in ji Yaya.

"To ka canza ni."

Lasifika bai iya ci gaba da ɓuya ba. Ya fito daga bayan ginshiƙin. Yaya ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa, bai yi mamaki ba.

"Ga kwastoma ta farko tun da ka rufe min kasuwa," ya ce.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. Ka ji abin da ta kawo?"

"Na ji."

"Ni wannan ya fi ƙarfin bencina. Wanda ya fitar da kuɗi shi ke janye shi." Ya juya ga yarinyar, ya kira ta da sunanta, ya ce ta bi babanta. Ta amsa masa nan take, a gaban uban, ba ko jinkiri.

Washegari Lasifika ya shiga ɗakin kwalin ƙwai da niyya. Ya tsara maganar a kansa tun a hanya, gajeriya, mai kyau. Amma jar fitila na kunnuwa tsohon ciwon ya tashi. Ya gaida masu sauraro na gida da na kasuwa da na kan hanya. Ya karanta cigiyar wani katin shaida, ya yi ta'aziyyar wani tela, ya ƙara da 'yar nasiha a kan rayuwa da ba wanda ya roƙe shi. Injiniya na nuna masa agogo ta gilashi, shi kuwa yana ɗaga masa hannu alamar ya sani. Sannan ya gyara murya, irin muryar da ya ajiye tun ranar ƙona kuɗi.

"Yanzu kuma ga sanarwa ta musamman, ina roƙon kowa ya kasa kunne. Daga yau an soke Jituwa. Na maimaita, daga yau babu Jituwa, kada wanda ya ƙara ambatonta. Mun koma na asali, wato..."

Na'ura ta yanke shi. Kiɗan labaran babban birni ya shigo.

Ya ci gaba da magana shi kaɗai har ya kai ƙarshe, ya faɗi sunan, ya yi godiya. Da ya ɗago, injiniya ya ɗora hannu biyu a ka.

Abin da garinmu ya yi a wannan safiya ba abin alfahari ba ne. 'Yan kasuwa suka ja ƙofofi. Layin banki ya zagaya har bayan gidan mai. Mutanen da suka rantse sun miƙa tsohon kuɗinsu duka aka ƙone, sai ga su suna fito da shi daga ƙarƙashin katifa, yana warin daɗewa. Wasu na kuka, wasu na rawa a titi, kuma akwai waɗanda suka yi duka biyun. A tasha kuwa jama'a suka yi wa bencin Yaya rumfa. Ya share cajojin gefe guda da hannu ɗaya, ya zauna daram, bai ma san farashin me ake tambayarsa ba amma yana ba da amsa.

Kafin azahar labari ya tsallaka iyaka, hannu a aljihu, ba wanda ya tambaye shi takarda. Daga can aka kira manaja, manaja ya kira Lasifika. Ofishin manaja na da kujera ɗaya ta baƙi, bai ce ya zauna ba.

"Za ka koma ka warware abin da ka ƙulla. Sun ce za su haɗa ka da duka tashoshin ƙasashen uku. Kana gamawa ka ba maigadi makullin durowarka."

"Ranka ya daɗe, ai 'yata nake nufi."

"To ka gaya musu. Ni ba ni na rufe kasuwa ba."

Ya koma ya zauna. Duk shekarun nan burinsa ke nan, a ji shi a ƙasashe uku lokaci guda, ga shi ya samu. Jar fitila ta kunnu. Bai gaida kowa ba.

"Ni ne na yi sanarwar safe. Ba kuɗi nake nufi ba, kuɗi yana nan yadda kuka san shi. 'Yata nake nufi. Ni na sa mata sunan a nan, ba da izininta ba. Tana da nata." Ya faɗi sunan a hankali, ya sake faɗa. "Don Allah a riƙa kiranta da shi."

Ya tashi tun lokacinsa bai ƙare ba, abin da bai taɓa yi ba. Injiniya ya rasa abin sawa, aka bar ƙasashe uku suna sauraron shiru.

A gida matarsa ta dube shi da kwalin tarkacen durowa a hannu.

"Mun zama mu biyu ke nan a zaune," ta ce. Ta karɓi kwalin, kuma ya ga bakinta na son yin murmushi tana hana shi.

Yaya ya aiko da buhun shinkafa daga cinikin safiya ɗaya, da saƙon baka cewa in ƙanensa yana da wata sanarwar ya riƙa gaya masa tun da wuri.

Gari ya karɓi sunan yarinyar na gaskiya, don mutanenmu ba mugaye ba ne, bakinsu ne kawai ba shi da birki. Amma suna irin Jituwa ba ya zama a ƙasa ba mai shi. Mutumin da ya tashi sama ya faɗo, ya rufe kasuwa, aka sallame shi a gaban ƙasashe uku, ai ba sai an yi taro ba. Wurin mai shayi aka fara kiran Lasifika da shi, ya bi layi.

Da safe, tun da ba shi da inda za shi, shi ke raka ta makaranta. Suna tsallake ramin kwalbatin ya kira ta da sunanta ya ce ta kula da ƙafarta. Ta ce, "Na'am, na gani," ba ta ko ɗago ba, kamar tun haihuwarta haka yake kiranta.

Sun kusa ƙofar makaranta wani ɗan acaɓa ya rage gudu, ya ɗaga murya daga tsallaken titi.

"Jituwa, an tashi lafiya?"

Hannunta ya ƙanƙame nasa, ta tsaya cak. Ya matsa hannun a hankali, ya juya ya fuskanci titin, ya saki muryar nan tasa da ake ji har bakin kasuwa.

"Na'am," ya ce. "Lafiya lau."